Tausa da Amon Kwano

A wasu ɗakunan tausa na Jamus, mai tausa kan ajiye kwalbar mai gefe, ya ɗora kwanon tagulla a gadon bayan wanda ya zo, ya buge shi a hankali da sanda mai taushin kai. Kwanon ya ɗauki amo mai tsawo, girgizarsa ta ratsa tsoka. Ko riga ba a tuɓewa.

Wani injiniya Bajamushe, Peter Hess, shi ya tsara wannan salo a shekarun 1980 bayan ya je Nepal, inda maƙera ke ƙera irin waɗannan kwanoni da jan ƙarfe da kuza. A Norway kuwa, Olav Skille ya sa lasifika cikin gado, tana fitar da sauti mai kauri, girgiza 30 zuwa 120 a daƙiƙa, wanda jiki ke ji fiye da kunne.

Masu sana'ar suna da dalilinsu. Yatsu da wuyan hannu kan gaji kafin yamma, kwano kuwa ba ruwansa. Akwai kuma mutanen da ba sa son hannun baƙo a jikinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen talla. Bincike-binciken da aka yi ƙanana ne, kuma natsuwa da raguwar damuwa suka fi nunawa. Mai cewa kwano na maganin ciwon suga ya wuce gona da iri. Masu koyar da aikin kan hana ɗora shi a kan sabuwar karaya, ko jikin mace mai sabon ciki, ko ƙirjin mai na'urar daidaita bugun zuciya.