Kiwon fulawa a New Bell: Yawan ruwa ne ke kisa, ba ƙishirwa ba

Duk wanda ya zauna a New Bell Hausa ya san fili bai ishe mu ba. Gida ɗaya iyali huɗu ko biyar, tsakar gida kuwa nan ne madafa, nan ne wurin wanki da shanya, nan ne filin wasan yara. Matsatsin ya daɗe. Tun lokacin da Turawan Jamus suka ƙwace filayen bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914, aka ware wannan yanki can bayan unguwar Turawa, ya zama masaukin baƙi daga ko'ina. Shi ya sa idan aka ambaci fulawa, da yawa cikinmu sukan ce ai wannan harkar mutanen Bonapriso da Bonanjo ce, masu katanga da mai gadi.

Amma mai bin lungunanmu zai riƙa cin karo da rabin bidon ko tsohon bokitin fenti a bakin ƙofa, jan fure na leƙowa daga ciki. Ni ma ina da irinsu guda tara a jikin bangon ɗakina, wasu kuma ni da ɗalibaina muke kula da su a bayan aji. Kukan da na fi ji wurin maƙwabta ɗaya ne: "Malama, kullum ina ba ta ruwa, amma ta mutu." Amsar tana cikin maganar tasu.

Iyayenmu sun taso ne a ƙasar da ruwa ke da tsada. A Marwa ko Kano, ruwan saman shekara guda bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, don haka wanda ya iya shuka shi ne wanda ba ya fashin ban ruwa. A Douala kuwa abin da ke zuba a shekara ya haura milimita 3,500, a Yuli da Agusta ma sai a yi kwanaki ba a ga rana sosai ba. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Saiwa tana numfashi. In ƙasar tukunya ta cika da ruwa ya kwanta, iska ba ta shiga, sai saiwar ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya langaɓe. Mai ita ta ga haka ta ɗauka ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa, shi ke nan.

Saboda haka aikin farko shi ne a yi wa ruwa hanyar fita. A gasa ƙusa a wuta, a huda gindin bidon ko bokiti wuri biyar ko shida. A ɗora shi kan bulo biyu, don kada ruwan da ke malala a tsakar gida, wanda sau da yawa na kwata ne, ya shiga ta ƙasa. Kada a ajiye shi daidai inda ruwan kwano ke zubowa, domin dare ɗaya ya isa ya tone ƙasar ya bar saiwa a waje.

Haɗin da nake yi shi ne kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya taki, sai a barbaɗa ɓurɓushin gawayi, wanda masu tsire ba sa rowarsa. Taki kuwa muna da shi a gida: kashin ragunan Babbar Sallah. Sai dai ɗanye yana ƙona shuka. A tara shi a buhu inda ruwa ba ya dukansa, a bar shi wata biyu zuwa uku ya ruɓe. Kafin a ba da ruwa kuma, a tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a ƙyale ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ake buƙatar ban ruwa akai-akai, a nan ruwan alwala da aka tara a roba ya wadatar, tun da babu sabulu a ciki.

Sai zaɓen iri. Ibiskis, mai faffaɗan jan fure, ɗan uwan yakuwar da muke zoɓo da ita, yana jin daɗin garin nan. Haka iksora, mai ƙananan furanni cunkus, amma ita kada a zuba mata toka, ƙasa mai ɗan tsami take so. Bugenbiliya mai ƙaya rana take nema, kuma sai ta ɗan ji ƙishirwa take fure sosai, shi ya sa da rani ake ganin kyanta. Lalle ma yana yi in ya samu rana, ga ƙanshin furensa da maraice. Wadda ta fi wahala ita ce kariya, mai kaurin gindi da ake gani a dajin Arewa. Mutanenmu kan ɗauko ta tsaraba don tuna gida, damina ɗaya ta narkar da ita. Mai son ta sai ya yawaita yashi, ya ajiye ta a baranda inda rana ke shiga amma ruwa ba ya taɓawa.

Ba sai an kashe kuɗi ba. Mai hali yana iya hawa bensikin ya je kasuwar fulawa ta Bonapriso, ko ya kai yara lambun tsirrai na Limbe, wanda Jamusawa suka kafa a 1892, su buɗe ido. Amma reshen ibiskis mai tsawon taƙi guda daga wurin maƙwabciya ya isa. A cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa cikin ƙasa mai danshi a inuwa, cikin wata guda ko wata da rabi ya yi saiwa. Wata dattijuwa a layinmu takan ce: "Ke 'yar nan, reshe ba a sayarwa, roƙa ake yi." Rabin tukwanena daga hannunta suka fito.

Akwai haɗari biyu da bai kamata a yi wasa da su ba. Na farko sauro. Farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya, gwangwanin da aka jiƙa reshe, da tsohuwar taya, duk wurin ƙyanƙyasa ne, musamman ga sauron nan mai zanen fari a ƙafa da ke cizo da rana, wanda ke yaɗa zazzaɓin dengi da cikungunya. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana bakwai zuwa goma ne kawai. A gidan haya, ruwan da ya kwanta a tukunyarki ɗan maƙwabciyarki zai iya kwantarwa. Ni ba na sa faranti ko kaɗan, kuma duk Juma'a nakan bi in zubar da duk wani ruwa da ya tsaya.

Na biyu guba. Farin ruwan jikin kariya guba ne, tun da can maharba sun san shi. Alamanda mai ɗorawan fure, da 'yar ƙaramar fulawar nan ta Madagaska mai fari ko ruwan hoda da ke fitowa ko'ina, su ma ba a kai su baki. Inda akwai yaro mai rarrafe, a ɗaga su sama ko a haƙura da su.

Sauran maƙiya masu sauƙi ne. Dodon koɗi a tsince shi da dare da tocila. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga a goge shi da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, da yamma. Akuya da kaji kuwa, maganinsu tsayi ko ragar waya.

Wanda zai fara, ya fara da tukunya ɗaya a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya soma sauka amma bai yi ƙarfi ba. In ta tsallake Agusta da ganyenta kore, to ya gane kan abin, sai ya ƙara ta biyu.