Wa Ya Shaide Ka? Yadda Google Ke Jera Shafuffukan Intanet

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu dukanci ne sana'arsa a Damagaram, ya tare ni da ƙorafi. Ya ce, "Malam, na biya an buɗe mini shafi a intanet, an sa hotunan jakunkuna da takalma, amma in na nemi kayan fata na Zinder a Google, har in gaji ban ga nawa ba." Wai kuma wani ya yi masa tayin mahaɗai dubu a kan jika ashirin. To, ya saya ko kada ya saya?

Mahaɗi dai shi ne rubutun nan, galibi mai launin shuɗi, wanda in ka taɓa shi zai kai ka wani shafi. Wanda ya dame mu a nan shi ne mahaɗin da wani ya sa a nasa shafin yana nuni zuwa naka.

A 1998 ne wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa Google. Injinan bincike na lokacin sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi, abin da mai wayo zai iya cusawa yadda ya ga dama. Su kuwa sai suka fito da dabarar da suka kira PageRank, wadda ke ɗaukar kowane mahaɗi tamkar shaida. Amma shaidu ba ɗaya ba ne. Shafin da shi kansa manyan shafuffuka ke nuna shi, shaidarsa ta fi nauyi. Wanda kuma ya nuna shafuffuka ɗari, nauyin nan nasa raba shi za a yi tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa binciken asalin mai neman aure ya san wannan: maganar dattijon unguwa guda ta fi ta abokan ango goma. Yau Google na duba wasu abubuwa masu yawa, amma bai daina duba mahaɗai ba.

Da mutane suka gane haka, sai kasuwar shaidar zur ta buɗe. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona yadda dubban mahaɗai daga shafuffukan da ba ruwansu da tufafi suka ɗora kantin J.C. Penney a sahun gaba. Nan da nan Google ya tura shi can baya. A Afrilun 2012 aka shigo da tsarin Penguin don maganin irin wannan maguɗi, kuma tun 2016 tsarin kan yi watsi da mahaɗan banza ne kamar babu su. Ke nan jika ashirin ɗin yaron nan, in an yi sa'a, asara kawai za su zama.

Na ce masa ya fara da waɗanda suka san shi da gaske: ƙungiyar masu sana'ar hannu, gidan rediyon gari in yana da shafi, da masu kantunan waje da ke sarin kayansa. Ya roƙe su su ambace shi tare da mahaɗi. Sa'an nan ya rubuta abin da ba kowa ya sani ba, da Hausa da Faransanci: yadda majema ke jeme fata da bagaruwa, da dalilin da ya sa fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har Turai. Irin wannan bayani ne ɗan jarida ko ɗalibi mai bincike kan nuna ba tare da an roƙe shi ba.

Kada kuma ya ɓata lokaci yana cusa adireshinsa a Wikipedia. Tun 2007 mahaɗanta na waje ke ɗauke da alamar nofollow, wato "ban tsaya masa ba", ga shi masu kula da ita kan goge talla.

Akwai Search Console, kyauta ne daga Google, yana nuna wa mai shafi waɗanda suka nuna shi. Na gargaɗe shi cewa aikin na watanni ne, ba na mako ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko zan duba masa Faransancin in ya gama rubutun. Na ce ya kawo ran Asabar.