Bayani Kan Ƙuraje Da Ƙullutun Matsematsi

Ƙurji ko ƙullutu a matsematsi, wato mahaɗar cinya da mara, abu ne da jama'a da dama ke jin nauyin faɗa ko da a gaban likita. Wasu kuma da zarar sun gani sai su yanke hukunci cewa ciwon sanyi ne, har zargi ya shiga tsakanin miji da mata, alhali kuwa da yawa daga cikin irin waɗannan ƙuraje ba su da wata alaƙa da saduwa.

Mafi yawa daga fata suke. Aske gashin mara da reza kan sa gashi ya murɗe ya koma cikin fata, ko ƙwayar cuta ta shiga gindinsa, sai ƙananan ƙuraje su feso. Zufa da gogayyar matsattsen tufafi, musamman da bazara, sukan ƙara tsananta abin har ya zama maruru. Wanda maruru ke yawan dawo masa ya kamata a gwada jininsa, domin ciwon suga kan jawo haka. Ita kuwa ƙazuwa ana gane ta da ƙaiƙayin dare, kuma duk mutanen ɗaki ake yi wa magani a lokaci guda.

Kaluluwa ba ƙurji ba ce. Alama ce cewa jiki na yaƙi da wata cuta a kusa, kamar gyambo ko sartse a ƙafa, kuma takan saɓe idan ciwon ya warke. Amma wadda ta yi makonni ba ta ragu ba, ta yi tauri, ga rama da zufar dare, tana buƙatar bincike, domin tarin fuka da sankara kan fara bayyana ta haka. Gwaiwa kuwa hanji ne ke turowa ta inda bangon ciki ya yi rauni. Takan fito in mutum ya miƙe ko ya yi tari, ta koma in ya kwanta. Maganinta tiyata ne. Ranar da ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, saboda hanjin na iya shaƙewa ya mutu.

Abin lura a nan shi ne, zafi ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Maruru ya fi kowa hana barci, amma sau da yawa yakan fashe ya warke. Tunjere kuwa yakan fara da miki guda ɗaya marar zafi, kimanin mako 3 bayan saduwa da mai cutar. Mikin yakan warke da kansa cikin mako 3 zuwa 6, sai mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali cutar ta shiga jini. Ga mai juna biyu tana iya jawo ɓari ko haihuwar jariri ba rai, shi ya sa ake gwada ta a wajen awo. Allurar fenisilin tana kashe ta, amma dole a yi wa ma'aurata biyun magani.

Haka kuma akwai tsiro marasa zafi da ƙwayar cutar HPV ke haddasawa. Wasu nau'o'in wannan ƙwaya su ne ke kawo sankarar bakin mahaifa, kuma tun watan Oktoban 2023 Nijeriya ta shigar da rigakafinta kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ƙyandar biri ma, wadda ta sake ɓulla a ƙasar nan a 2017, takan fito a wannan wuri tare da zazzaɓi da kaluluwa.

Ana kira ga jama'a da kada su matse ƙullutun matsematsi, kada kuma a kai shi wajen wanzami a tsaga. Manyan jijiyoyin jinin ƙafa ta nan suka wuce, kuma abin da aka zata maruru ne yana iya zama hanji. Macen da ke jin kunya tana iya neman ma'aikaciya mace ta duba ta a asibitin da ya fi kusa da ita.