Hasumiyoyin San Jiminyano

A ƙasar Italiya akwai wani gari, San Jiminyano, inda manyan gidaje suka gina hasumiyoyin dutse har 72, galibi a ƙarni na 12 da na 13. In faɗa ya ɓarke tsakanin zuriya da zuriya, sai kowa ya haye tasa ya kulle ƙofa. Annobar 1348 ta karya arzikin garin, har aka rasa mai halin rushe tsohon gini ya ta da sabo. Wannan talauci kuwa shi ya tsirar da 14 da suka saura. A 1990 UNESCO ta sa garin cikin kayan gādon duniya. Yau arziki ya komo, saboda haka doka ce ke tsaronsu: ba mai taɓa ginin sai da izinin hukuma.