Yadda Doki, Giwa da Kunama Suka Zama Haruffan Sinanci

A shekarar 1899 wani babban malami a Beijin, mai suna Wang Yirong, ya lura da wasu zane-zane a jikin tsofaffin ƙasusuwan da masu magani ke sayarwa ana dakawa ana sha. Manoman ƙauyen Xiaotun, kusa da Anyang a lardin Henan, su ke tono su a gonakinsu. Ashe allon kafaɗar shanu ne da ƙoƙon cikin kunkuru, waɗanda sarakunan daular Shang suka yi duba da su sama da shekara 3,000 da suka wuce. Akan ɗana wa ƙashin wuta har ya tsage, a karanta tsagar, sannan a sassaƙa tambayar da wuƙa: za a yi ruwa, ko farautar sarki za ta yi albarka? An tattara gutsattsari kusan 150,000, masu ɗauke da haruffa wajen 4,500, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne masana suka iya karantawa.

Cikin waɗanda suka fi sauƙin ganewa akwai na dabbobi, domin masu sassaƙar sun san dabba sanin makiyayi. Ba sa wahalar zana saniya sukutum. Kai kawai suke yi, da ƙahoni biyu da suka miƙe sama, shi ne ya zama 牛. Na tunkiya ma kai ne, amma ƙahonin sun lanƙwaso ƙasa: 羊. Kare da alade kuwa jikinsu kusan iri ɗaya ne a zanen, sai ka duba ciki da wutsiya. Kare, 犬, cikinsa a ɗame, wutsiya ta murɗe sama. Alade, 豕, ga tumbi, wutsiya a sake. Ɗora wa aladen nan rufi, ka sami 家, wato gida. Doki an ba shi ƙaton ido da geza, giwa kuma, 象, dogon hannunta ne shaidarta. Wanda ya fi burge ni na hankaka ne, wanda ya zo daga baya. Hankakan can baƙi ne wuluk, ba shi da farin ƙirji irin namu, har ba a rarrabe idonsa da gashinsa. Sai aka ɗauki harafin tsuntsu, 鳥, aka cire layin ido, ya zama 烏.

Harafin giwa ma shaida ne a kan yanayin ƙasa. Rubuce-rubucen Shang sun ambaci farautar giwa, an kuma tono ƙasusuwanta a Anyang. Yau giwayen dawa na Sin sun rage ne a Yunnan kawai, can kudu maso yamma, amma har yanzu harafin da ake taƙaita sunan lardin Henan da shi, 豫, yana ɗauke da giwa a gefensa.

To, me ya sa wanda ya kalli 馬 yau ba zai ga doki ba? Tun a kan ƙasusuwan an riga an tsayar da dabbobi da yawa a kan wutsiyarsu, kai sama, don su shiga layin da ake rubutawa daga sama zuwa ƙasa. Bayan da Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a shekarar 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wazirinsa Li Si ya daidaita siffofin haruffa. Amma magatakarda masu tarin aiki, da alƙalamin gashi a hannu da siraran allunan gora a gabansu, ba su da lokacin lanƙwasa layi. Suka miƙe lanƙwasa, suka mayar da da'ira kusurwa. Ƙafafun doki, wutsiyar kifi da faratan tsuntsu duk suka koma ɗigo huɗu. Daga 1956 gwamnatin Beijin ta ƙara sauƙaƙa haruffan don yaƙi da jahilci: doki ya sauko daga jan alƙalami 10 zuwa 3, ya zama 马. Taiwan da Hong Kong sun riƙe tsohon salon.

Sai dai a nan mutane da yawa ke yin kuskure, su ɗauka rubutun Sinanci hoto ne kawai. Ta yaya za ka zana dubu goma? Sinawan dauri sun ga kalmar tana kama da sunan kunama a baki, sai suka ari hoton kunama, 萬, har aka manta cewa kunama ce. Hoton maciji, 它, shi ma an are shi ya zama lamiri, dole aka ƙara masa alamar ƙwari don a sake samun maciji, 蛇. Doki kuwa, da ake kira ma, shi ma ya sha aro. Haɗa shi da harafin mace, ka sami 媽, uwa. Haɗa shi da baki, ka sami 嗎, alamar tambaya. Babu doki ko ɗaya a ma'anar, sautinsa kawai ake so. Tun a ƙamus ɗin Xu Shen, Shuowen Jiezi, na wajen shekara ta 100 miladiyya, mai haruffa 9,353, sama da kashi 80 cikin 100 irin wannan haɗin ne: gefe guda ma'ana, gefe guda sauti.

Mu ma hanyar nan muka biyo. Alif na Larabci da ajami da A na boko asalinsu ɗaya, hoton kan sa ne a tsohon rubutun Samiyawa. Kifa A ka ga ƙahonin.

Akwai masu takaicin cewa sauƙaƙawar 1956 ta raba haruffa da asalinsu, kuma ina jin zafinsu. Amma kamannin sun riga sun gushe tun a hannun magatakardan daular Han, shekara 2,000 da suka wuce. Da Sinawa sun nace sai harafi ya yi kama da dabbarsa, da rubutun bai iya ɗaukar shari'a, lissafi da tarihin daula ba.