Yaron da Ya Rera Waƙa a Chelmno

A farkon fim ɗin Shoah, wanda Bafaranshe Claude Lanzmann ya fitar a 1985, za ka ga wani mutum mai shekara 47 zaune cikin kwale-kwale yana rera waƙa a hankali. Sunansa Simon Srebnik. Yana ɗan shekara 13 aka kai shi sansanin Chelmno a ƙasar Poland, inda 'yan Nazi ke cusa Yahudawa cikin manyan motoci su shaƙe su da hayaƙin inji. Muryarsa ce ta ja masa kwana, domin masu gadi sukan sa ya yi musu waƙa a kan kogi. A Janairun 1945 suka harbe shi a ka, suka tafi da zaton ya mutu, ashe da sauran shan ruwa.

Fim ɗin ya haura awa tara, amma babu hoton gawa ko ɗaya a cikinsa. Bakin mutane kawai, da wuraren da ciyawa ta riga ta rufe. A ganina wannan ne ya sa ya dace da aji. Ɗalibin da aka ce masa "an kashe Yahudawa miliyan shida" zai rubuta lambar ya wuce. Wanda aka nuna wa tarin gawarwaki kuwa yakan kau da kai, tsoro ya toshe masa tunani. Amma fuskar mutum ɗaya mai suna tana bin yaro har gida.

Akwai wurin da nake so kowane malami ya tsaya a kai. An tsayar da Srebnik a ƙofar cocin Chelmno, cocin da aka riƙa kulle Yahudawa a ciki kafin a ɗora su a mota. Mutanen ƙauye suka kewaye shi, suna cewa sun tuna da shi, suna murnar ganinsa da rai. Sai Lanzmann ya tambaye su dalilin da ya sa abin ya faɗa wa Yahudawa. Nan take aka ce ai su ne masu kuɗi, aka kuma tono tsohon zargin nan cewa alhakin mutuwar Yesu yana kansu, zargin da Cocin Katolika da kanta ta yi watsi da shi tun 1965. Shi kuwa yana tsaye a tsakiyarsu da ɗan murmushi, bai ce uffan ba. Shekara talatin da wani abu bayan kisan, ƙiyayyar tana nan a bakin mutanen da ke ganin kansu masu tausayi ne.

Dole kuma ɗalibi ya san cewa kamara tana ƙarya. A 1940 gwamnatin Hitler ta fitar da Der ewige Jude da sunan fim ɗin gaskiya, inda aka jera hoton Yahudawa da na ɓeraye masu fitowa daga magudanar ruwa. A Ruwanda, a 1994, gidan rediyon RTLM kyankyasai ya riƙa kiran 'yan Tutsi. Kafin a zare adda, sai an fara cire wa mutum rigar ɗan'adam da baki.

Kayan aiki dai ba su yi ƙaranci ba. Gidauniyar Shoah da Steven Spielberg ya kafa a 1994 ta naɗi shaidar mutum kusan 52,000 a ƙasashe 56, daga baya ta ƙara da ta waɗanda suka tsira a Ruwanda.

Na san wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to Falasɗinawa fa?" Kada a kwaɓe shi, tambayarsa tana kan hanya, kuma ta cancanci nata darasin. Sai dai a nuna masa cewa sukar abin da gwamnatin Isra'ila ke yi daban, ƙin jinin mutum don an haife shi Bayahude daban. Lokacin da aka ɗaure ƙafafun Srebnik da sarƙa, ba a ma kafa ƙasar Isra'ila ba.

Daga nan sai malam ya mayar da fim ɗin zuwa ƙofar coci, ya tsayar da shi a kan fuskar Srebnik, ya ce kowa ya rubuta abin da ya ji an faɗa a kansa, da wanda ya faɗa.