Kwalbar da Aka Gwada Ba Ita Ake Yi wa Akuya Ba

Ba a gwada ashana sai an ƙyasta ta, in ta ƙone kuma ta tafi. Haka allurar rigakafin annobar awaki da tumaki take, wadda ake kira PPR. Garin magani ne busasshe cikin kwalba. Da an buɗe an dama shi, sai a yi amfani da shi cikin kamar awa 2, ko a zubar. Kwalbar da aka auna ƙarfinta ba ta zuwa garke, wadda ta zo garke kuma ba a auna ta ba.

Makiyayan Tanut da Belbeji sukan tambaye ni: to, da me muka dogara? Amsa ita ce lambar rukuni da ke jikin kwalba. Kwalaben rukuni ɗaya daga tukunya ɗaya suka fito. Mai miya ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri. Motsawa take ta ɗanɗana cokali guda. Haka masu haɗa allura, irin su LABOCEL a Yamai, suke cire 'yan kwalabe su gwada. Cibiyar PANVAC ta Tarayyar Afirka da ke Bishoftu a Habasha ita ma tana auna ingancin alluran dabbobi.

Shi awon kansa fa, wa ke duba shi, tunda kwalba ɗaya ba ta auno sau biyu? Sai a ɗauki 'yan'uwanta na rukuni ɗaya, a ɓoye lambarsu, a ba masu awo biyu, ko mutum ɗaya a ranaku daban-daban. In sakamako ya yi kusa da juna, awon abin yarda ne. In ya yi nisa, a binciki mai awo da kayan aikinsa kafin a zargi magani. Haka muke yi da jinin da muke ɗiba bayan rigakafi: mu raba shi biyu, kowanne da lambarsa.

Sharaɗin shi ne kwalaben su zama iri ɗaya da gaske, kuma nan zafin Damargu ke shigowa. A watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Kwalbar da ta wuni a rana ta rabu da 'yar'uwarta ta cikin firiji, ko da lambarsu ɗaya.

Don haka, 'yan ƙungiya, ranar rigakafi ku duba ko akwai ƙanƙara a akwatin allura, ku ga an dama magani a gabanku cikin inuwa, sakatare kuma ya rubuta lambar rukuni da kwanan wata. In cuta ta ɓulla daga baya, lambar nan ce za ta kai mu ga sauran kwalaben. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da wannan annoba, kuma littafin ƙungiyarku yana cikin aikin.